Kukan da Saveta Ta Hana Mijinta

A ƙauyenmu, can saman duwatsun da ke kallon kogin Dunare, idan mutum ya cika abu biyu ake fara yi: a rufe madubi da zane, a aika a kira Baba Saveta. Fada, limamin cocinmu, ma sai daga baya ake tuna shi. Shi nasa addu'a ce, amma mai raka mamaci da kuka har ta ɗora shi a hanya ita ce Saveta, kuma yanzu ita kaɗai ta rage a duk kwarin nan. Sauran masu kukan rakiya ita ta raka su da bakinta, ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka ɗauka kuka ne irin na kowa, a zauna a yi ta sharɓe. Yana da ƙa'ida. Sai an tsaya a kan akwatin gawa, jama'a na biye. A kira mamaci da sunansa, a ba shi labarin gida, a yabe shi, a ɗan yi masa faɗa in ya cancanta. Daga ƙarshe a sallame shi: "Tafi, kada ka waiwayo, gurbinka ya rufe." Wanda ba a yi wa wannan sallamar ba, tsofaffinmu suka ce ba ya sanin ya mutu. Sai ya tashi ya kamo hanyar gida, ya riƙa zuwa wurin nasa yana tsotse musu jini da lafiya. Shi muke kira strigoi, kuma saboda shi ne kowace shekara, in sanyi ya kawo kai, mata ke goga tafarnuwa a tagogi da bakin ƙofa.

Gida ɗaya ne ba a goga wa tafarnuwa a ƙauyen nan, gidan Saveta. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa a gabanta sai Paraschiva, ƙanwar mijinta, wadda bakinta bai taɓa sanin linzami ba.

Saveta 'yar ƙaramar mace ce, siririya, in ta juya baya sai ka ce yarinya. Amma in ta buɗe murya, makiyayan da ke hayin dutse sai sun cire hula. Wurin kakarta ta koya, tun tana riƙe mata gefen zane a maƙabarta. Ta auri Ilarie mai kiwon zuma tana ɗanyar budurwa. Dogo ne, mai manyan kunnuwa, mutumin da dariya ba ta yi masa wuya, har a coci sai an zungure shi. Yakan ce ya auri mai kukan mutuwa ne don ya tabbata ranar da ya tafi za a yi masa na musamman, ba na haya ba. Ita kuma ta ce masa in ya kuskura ya riga ta, ko tari ba za ta yi masa ba.

Suna cikin amarci masu fim suka fara zuwa mana. Baƙi ne daga wata ƙasa, da manyan motoci da fitilu, wai sun zo yin fim ɗin fatalwa mai shan jini, kuma duwatsunmu da tsohuwar maƙabartarmu sun yi musu. Suna son jana'iza, da akwati, da jama'a, da mai kuka. Akwatin babu kowa a ciki sai duwatsu don ya yi nauyi. Ilarie na cikin masu ɗauka.

To, ga matsala. Kukan rakiya ba ya yiwuwa babu suna. In ka kira mai rai a kan akwati, ka kira masa mutuwa. In ka kira wanda aka riga aka sallama, ka tashe shi daga barci. Saveta ta yi tunani, da aka ce a fara sai ta ɗaga murya ta kira Balana, tsohuwar agwagwar kakarta da dila ya ɗauke. "Wayyo Balana, mai farin wuya, mai tafiyar ƙasaita! Wa zai tashe mu da asuba? Wa zai ci mana ɓawon kabewa?" Baƙin nan ba sa jin yarenmu. Matar da ke riƙe da fitila har da share hawaye. Mu kuwa duk mun sunkuyar da kai muna cizon leɓe, kafaɗu na rawa, su suna ganin baƙin ciki ne. Ilarie ya kasa daurewa, dariya ta ƙwace masa, akwati ya karkace, duwatsu suka yi ƙara a ciki. Sai da aka sake daga farko. An ce fim ɗin ya zaga duniya, mutane sun yi ta kuka a kan agwagwa.

Bayan 'yan shekaru zaman ƙasar ya yi tsanani. Burodi sai da layi, mai sai da layi, magana kuwa sai a kunne. Samari suka fara faɗawa kogi suna iyo zuwa hayin, daga can su nausa yamma. Wasu sun isa. Wasu sojojin kan iyaka sun harbe su a ruwa, wasu kogin ya riƙe abinsa. Wata la'asar Ilarie ya ci tuwon masara da cuku, ya goge baki, ya ce mata in ya samu wurin zama zai aiko a ɗauke ta. Ya sumbaci goshinta, ya gangara. Daga nan shiru. Ba saƙo, ba gawa, ba wanda ya ce ya gan shi a can ko a nan.

Shekarun farko ba wanda ya matsa mata, kowa na cewa ƙila yana raye. Da gwamnatin wancan lokacin ta faɗi, waɗanda suka tsere suka fara dawowa da motoci da matan waje. Saveta ta bi su ɗaya ɗaya tana tambaya. Babu. Uwarsa ta kira ta, tana kan gadon mutuwa, ta ce, "Saveta, ɗana ya mutu, ni na haife shi, jikina ya gaya mini. Ki sallame shi ya huta." Saveta ta riƙe hannunta ta ce to. Ta raka tsohuwar da kukan da har yau ake zancensa, amma na Ilarie ba ta yi ba.

Ba wai tana zaton yana raye ba ne. Ta sani sarai, ba yarinya ba ce. Lissafinta daban ne, kuma wallahi in ka tsaya ka duba sai tausayi ya kama ka. Wanda ba a sallama ba yana dawowa. Duk ƙauye tsoron mai dawowa suke yi, ita kuwa shi take jira. Ya zo a jiƙe, ya zo da sanyi, ya zo ya sha jinin, ai nasa ne. Ita dai ta ga kunnuwan nan sun leƙo ta taga ko sau ɗaya.

"Matar Yaya, kin haukace," in ji Paraschiva, kusan kullum, tana tsinkar wake a dandamalin Saveta. "Mutum da ko da ransa ba ya zuwa a kan lokaci, shi kike jira a mace?"

"Jininku ne ai. Ke ma da aka aike ki kiran ungozoma, sai da yaron ya fara rarrafe kika dawo."

"Ki dai yi aure tun da sauran haƙora."

"Wa zan aura? Duk mazan garin nan na san yadda za su yi a akwati."

Sun yi ta wannan har gashinsu ya yi fari tare. Mijin Paraschiva ya rasu, 'ya'yanta suka watse Italiya da Sifen, ya zama su biyu ne ke duba juna da safe ko an tashi. A tsakani masu fim sun sake zuwa, wasu daban, labarin dai shi ne, sai dai wannan karon da jini kamar an yanka alade. Saveta ta sake yi wa Balana kuka. Ta ce agwagwa ba ta dawowa ta sha jinin kowa, a tashe ta sau goma ma ba laifi.

A kakar bara waccan, Saveta ta haura saba'in, masu fim suka zo karo na uku. Tafintarsu wata budurwa ce daga Bukares, babban birnin ƙasarmu, sunanta Ruxandra, mai gajeren gashi da takalman maza. Ta zo har gida, ta gaishe ta da ladabi, ta zauna aka zuba mata madara mai ɗumi.

"Baba Saveta, darakta ya ga kukanki a tsofaffin finafinan, ya ce ba zai yi jana'izar ba sai da ke."

"Wai ku ba ku da wani labarin ne? Wannan fatalwar taku tun ina amarya ake kashe ta."

Ruxandra ta yi dariya, ta zaro wani tsohon littafi daga jakarta, duk ya sha hannu. Ta ce daga nan aka samo komai. Wani baƙo ne daga can tsibiran yamma ya rubuta shi tun zamanin kakannin kakanni, kuma ko ƙafarsa bai taɓa sawa a ƙasarmu ba. Kowane zamani sai masu fim su koma su buɗe shi, su sake ɗinka wa fatalwar riga daidai da abin da mutanen lokacin ke tsoro.

"Karanta mana mu ji," in ji Paraschiva, da ta shigo ba sallama kamar kullum.

Yarinyar ta ba su labarin a taƙaice. Wani basarake ne mai gidan dutse da baƙar alkyabba, ya bar ƙasarsa ya hau jirgin ruwa, ya je birnin baƙi yana bin 'yan matan mutane.

"Tabɗi," Paraschiva ta ce. "Wannan ai ɗan iska ne, ba strigoi ba. Namu ina ya ga alkyabba? Da rigar da aka binne shi yake zuwa, kuma gidansu yake nufa. Me zai yi da 'yar wani?"

Saveta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "'Yata, a littafin nan, wa ya ƙi yi masa kuka?"

Ruxandra ta juya shafuka, ta yi tunani. "Ba a faɗa ba, Baba. Ban ga inda aka yi masa kuka ba sam."

"To shi ya sa. Ku yi ta soka masa itace a ƙirji, bayan shekara ashirin ya sake tashi, ku sake kwaso fitilu."

Da yarinyar ta tafi, Paraschiva ta ƙi tashi. Ta zauna tana murza gefen ɗankwalinta, abin da ba halinta ba. Ta ga yadda Saveta ta dafa bango kafin ta miƙe, ta ga yadda numfashi ke yanke mata daga rijiya zuwa ɗaki. Da ta yi magana, babu wasa a muryarta.

"Saveta. In kika mutu, wa zai sallame shi?"

Saveta ta ci gaba da wanke kofi.

"Da ke nake. Ni ban iya ba, muryata ta korar kaji ce. 'Yan matan yanzu ko kalma ɗaya ba su sani ba. Ke kin ce yana hanya, to na yarda, yana hanya. Ranar da ya iso ya tarar babu ke, babu ni, gida ya zama kango, ina zai nufa? Haka zai yi ta yawo a bakin kogi har tashin duniya? Yayana ne fa. Shi ya goya ni."

"Babu gawa, babu akwati. Ba a yi a iska."

"Ga akwati masu fim sun kawo, sabo fil, babu kowa a ciki. Ga jama'ar gari duk za su bi shi da baƙaƙen kaya. Yaushe za ki sake samun haka?"

Saveta ta ce mata ta tashi ta bar mata gida. Paraschiva ta tashi, ta bar mata, har da buga ƙofa. Washegari ba ta leƙo ba, ita ma Saveta ba ta je ba.

Ranar ɗaukar jana'iza hazo ya sauko da safe, darakta yana ta murna. Aka sa mana kayan kakanninmu, aka shafa mana toka a fuska. Maza suka ɗauki akwati, muka biyo shi daga coci zuwa tsohuwar maƙabarta. Tsofaffin da suka san zancen Balana sun riga sun fara gyara baki, suna gaya wa jikoki su saurara su sha dariya. Aka ajiye akwati a bakin rami. Ruxandra ta ɗaga hannu, alamar a fara.

Saveta ta dafa murfin akwatin da hannu biyu. Ta daɗe a haka, har darakta ya fara kallon tafinta. Sannan ta ɗaga kai wajen kogi.

"Ilarie!"

Kai, ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Wani tsoho ya cire hular da masu fim suka sa masa. Paraschiva ta durƙushe a cikin laka.

"Ilarie, mai manyan kunnuwa, ka ce za ka aiko, ina ɗan aiken? Zumarka ta gudu shekarar da ka tafi, na bi ta har dutse ban kamo ba. Innarka ta tafi tana kiranka. Rufin ɗaki ya zube na gyara da hannuna. Na tsufa, Ilarie, in ka gan ni ba za ka gane ni ba. Ruwan da sanyi? Ka kira ni? Wallahi ban ji ba, da na ji da na zo. Na ce ko tari ba zan yi maka ba, ƙarya nake yi."

Ta yi ta yi, ta ba shi labarin duk wanda aka haifa da wanda ya mutu, ta yi masa faɗa, ta yabe shi. Babu mai cizon leɓe wannan karon. Baƙin ma sun gane wani abu ya canza, mai kyamara ya matso har kusa da fuskarta. Da ta zo wurin sallama muryarta ta tsaya. Ta buɗe baki, ta rufe. Paraschiva ta rarrafo ta riƙe mata ƙafa. Sannan ta faɗa, a hankali amma kowa ya ji: "Tafi, kada ka waiwayo, gurbinka ya rufe."

Darakta ya zo ya sumbaci hannunta yana ta zuba yarensu. Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Mun zaci za ta samu sauƙi. Ina! Sanyin shekarar nan Saveta ta zama kamar gidan da aka kwashe kayansa. Tana ci, tana sha, tana zuwa coci, in an yi mutuwa tana zuwa ta yi aikinta. Amma ta daina zama a dandamali. In Paraschiva ta tsokane ta sai ta ce "haka ne", abin da ya fi zagi ciwo a wurin Paraschiva. Wata rana Saveta ta ce mata, "Da can ina da miji da bai dawo ba. Yanzu ba ni da kowa." Paraschiva ta koma gida ta yi kuka, tana cewa da ta sani da ta bar ta da haukarta.

Da shekara ta zagayo, Ruxandra ta aiko mota ta kai Saveta da Paraschiva birnin Severin, inda ake nuna fim ɗin. Saveta ta ce ba za ta ba, Paraschiva ta ɗaura mata ɗankwali da ƙarfi ta tura ta ciki. Da rana suka shiga, gidan silima kusan babu kowa sai 'yan samari a baya. Suka zauna da jakunkunansu a cinya. Fatalwar wannan karon ba ta da alkyabba, wani ramamme ne mai dogayen farce da tari.

"Wannan ai asibiti ya kamata a kai shi," in ji Paraschiva da ƙarfi. Samarin suka ce a yi shiru.

Can sai ga cocinmu, ga hazo, ga mu nan muna tafe da toka a fuska. Ga akwati a bakin rami. Fuskar Saveta ta cika bango gaba ɗaya, kowane layi na goshinta a fili. Ta ɗaga kai, ta buɗe baki.

Sai goge. Goge da wasu manyan kayan kiɗa suka taso suka rufe komai. Bakin yana motsi, jijiyoyin wuya sun tashi, hawaye na gangara, amma ko tari ba a ji. Masu fim sun ga ya fi kyau a haka. Aka yi ta nuna ta tana kuka babu murya, har aka koma kan fatalwa.

Paraschiva ta miƙe tsaye, jaka ta faɗi. "Kan uba! Ɓarayi! Marasa kunya! Matar nan ta zazzage hanjinta a gabanku, ku rufe da goge? Ina yarinyar nan mai takalman maza?"

Saveta ta kamo hannunta ta jawo ta ƙasa. Riƙon da ƙarfi, har da zafi.

"Paraschiva. Kin ji sunansa?"

"Wane suna? Ai shi nake faɗa, ba a ji komai ba!"

"Sallamar fa? Kin ji ta?"

"Na ce miki ko kalma ɗaya babu!"

"To shi ma bai ji ba."

Paraschiva ta buɗe baki za ta ce haba, ranar nan ai har makiyayan hayin dutse sun ji, har kogin ma ya ji, abin da ke bango hoto ne kawai. Maganar ta zo mata har kan harshe. Sai hasken fim ya faɗo a fuskar matar yayanta, ta ga idanun nan sun dawo yadda ta san su, suna ƙyalli, bakin yana rawa kamar na mai shirin dariya. Paraschiva, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa haɗiye magana ba, ta haɗiye wannan.

"Ƙila bai ji ba," ta ce.

Saveta ta riga ta miƙe, tana lalubar jakarta a duhu, fim ko rabi bai kai ba.

"Tashi mu tafi. Na kulle gida da kwaɗo, kada ya zo ya tarar a rufe."